Minti Biyu a Taron Ƙarshe

"Fara," in ji Auta, ta danna agogon wayarta.

Baba ya gyara tsayuwa a gaban sandar goge ɗaki da suka ɗaure a jikin kujera, ita ce makirufonsu. Ya ɗaga takardar da hannun hagu har kusa da hancinsa. Na dama yana nan a gefe, ya langaɓe daga wuyan hannu, shekara uku ke nan ko kofin shayi ba ya iya riƙewa.

"Ranka ya daɗe, shugaba. Ni... ni tsohon ma'aikacin rumfar batir ne. Shekara goma sha huɗu na yi ina fasa tsofaffin batura." Ya tsaya. Harshen ya yi masa nauyi, kowace kalma sai ya turo ta kamar mai tura mota a cikin yashi. "Sau biyu likitan kamfani ya ɗebi jininmu, mu goma sha tara. Ina... ina sakamakon? Bara an ce mu jira bana. Har yanzu akwai mutane a rumfar nan. A faɗa mana abin da aka gani."

"Minti ɗaya da sakan hamsin. Yau ka ci, Baba."

"To ai saura sakan goma. Ƙaro mini magana."

"Ba abin da zan ƙara. Wannan na tari ne."

Ya yi dariya, dariyar kuwa ta ƙare da tarin. Auta ta karɓi takardar ta miƙar da kusurwar da ta lanƙwashe. Ita ta buga ta da hannunta a shagon da take aikin buga takardu, da manyan baƙaƙe yadda zai gani ba tare da tabarau ba. Da farko shafi guda ce cif. Duk wata sai ta rage wani layi, domin duk wata harshen Baba ƙara nauyi yake yi, ga kai ya fara riƙe magana ya sake ta. Saura kwana biyu taron masu hannun jarin kamfanin, kuma minti biyu kacal ake ba kowa.

Sallamar Yaya ce ta katse su. Ya tsaya a bakin ƙofa da rigar kamfani a jikinsa, ya dubi sandar, ya dubi ubansa.

"Har yanzu wasan kwaikwayon ake yi?"

"Shigo ka zauna mana," in ji Baba.

"Sauri nake. Baba, don Allah ka bar maganar nan. Waɗanda suka sayi kamfanin ba su san kowa ba. Jiya aka tara mu aka ce za a bi kowane sashe a rage mutane. Ka miƙe a gaban 'yan jarida ka ce rumfar batir, gobe ɗan wa za a fara nema a rumfar? Yara biyu gare ni, ga na uku a hanya."

"Don kai nake yi."

"Ni lafiyata ƙalau. Yanzu ana ba mu safar hannu da takunkumi, ba irin zamaninku ba ne."

"Takunkumi ɗaya a wata," in ji Auta.

"Ke, da babba nake magana."

Baba ya zauna a bakin gado. "An ɗebi jininka?"

"An ɗiba. Bara."

"An ba ka takarda?"

Yaya ya kawar da kai ya dubi tsakar gida. "Da akwai wani abu ai da sun faɗa," ya ce. Ya juya ya fita.

* * *

Kamfanin ba na banza ba ne, wannan ko Auta ba ta musu. Farantan sola yake kafawa, ya kai wuta garuruwan da ba su taɓa ganin turken lantarki ba. Duk inda ka duba a gari za ka ga allon tallansa, yara suna karatu a ƙarƙashin farin haske, haƙora a waje. Abin da ba a sa wa a allo shi ne batir yana mutuwa. In ya mutu sai a loda shi a mota a dawo da shi wata rumfar kwano da ke bayan sito, inda baƙi ba sa zuwa. A nan su Baba suke fasa shi da guduma, su zubar da ruwan, su zare dalmar da ke ciki su narka. Ƙurar ta bi gashi, ta bi farce, ta bi burodin da suke ci a tsaye da rana. Da yamma Baba ya dawo gida fari fat, marigayiya Inna tana tsokanarsa wai ya tsufa tun kafin ita.

Ranar da aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari, an raba wa kowane ma'aikaci hannun jari hamsin, kyauta. Kafin sati ya zagayo duk 'yan rumfa sun sayar da nasu. Baba kuwa gilashi ya sa wa takardarsa ya rataye a bango. Tun daga ranar abokan aiki suka laƙaba masa Mai Kamfani, shi ma in an kira sai ya amsa da ƙarfi.

Ciwon ciki ne ya fara zuwar wa Baba, sai hannu, sai harshe. Aka sallame shi da takarda mai cewa shekaru sun ja. Likitan asibitin gwamnati ya duba dadashinsa, ya gwada jini, ya ce gubar dalma ce, kuma ta daɗe tana aiki. Da ya ji kamfani ya taɓa ɗibar jininsu sai ya ajiye biro. Ya ce a nemo wannan sakamako ko ta halin ƙaƙa, domin in na Baba ya nuna tun a lokacin, to na sauran ma ya nuna, kuma duk wanda ke rumfar a yau ya kamata a fitar da shi tun hannunsa na motsi. A lokacin Yaya ya yi shekara biyu a rumfar, Baba da kansa ya roƙa masa gurbin.

Wasiƙa shida Auta ta buga, ko ɗaya ba a amsa ba. Mai gadin kamfanin da suka yi shekaru suna shan shayi tare da Baba ya koyi ce musu manaja ba ya nan ba tare da ya ɗaga kai ba.

Mafitar a cikin durowa take. Duk shekara wata takarda tana zuwa da sunan Baba, shi kuma ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin kaya saboda takardar mai kyau ce. Wata rana Auta ta karanta. Ashe gayyata ce. Muddin kamfani yana kasuwar hannun jari, dole sau ɗaya a shekara manyansa su zauna a gaban masu jari, duk mai hannun jari ko da guda ne ya miƙe ya yi tambaya, a rubuta tambayar, a rubuta amsar, 'yan jarida na zaune.

Bara suka je. Baba ya tsaya a gaban makirufon da aka kafa a tsakiyar zaure, ya karanta shafinsa tsaf. Zauren ya ɗauki gunaguni. Shugaban kamfanin ya cire tabarau, ya ce maganar ta taɓa shi, za a bincika a kawo amsa a rubuce a taro mai zuwa. A hanyar gida Baba har waƙa ya yi a cikin mota. Shekara guda ya yi yana jiran wannan amsa, Auta kuma ta tabbata jiran ne yake tashinsa daga gado kullum.

Sai ga wata ambulan mai kauri wata biyu da suka wuce. Auta ta karanta sau uku a shago kafin ta iya kai ta gida. Wani ƙaton kamfani ya saye kusan duka jarin. Ɗan abin da ya rage a hannun ƙananan mutane, doka ta ba shi dama ya biya ya karɓa. Daga nan za a cire sunan kamfanin daga kasuwar. Taro ɗaya ya rage, na bankwana.

"Ni ban sayar ba," in ji Baba.

"Ba sai ka sayar ba, Baba."

"A sayi abin mutum bai ce na sayar ba? Me ya raba shi da ƙwace?"

"Ana biya."

"To baɗi fa? A ina za mu gan su baɗi?"

"Babu baɗi," ta ce. "In suka fita daga kasuwa, ba wanda za su sake zama a gabansa."

* * *

Bayan fitar Yaya, Auta ta ɗauko wani fom daga cikin ambulan ɗin. Takardar wakilci ce. Mai jari yana iya rubuta sunan wani ya yi magana a madadinsa, amma sai an miƙa ta kwana biyu kafin taro. Yau ce ranar ƙarshe.

"Ka dangwala mini kawai, Baba. Ba don komai ba, ko da tari zai taso maka."

Ya dubi fom ɗin kamar an miƙo masa likkafani. "Wakili? Ina raye?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Hannu ya tafi, na yarda. Aiki ya tafi. Takardar bango ma an ce ta tafi. Yanzu bakin ma so kike in dangwala in ba da? Ni aka ɗebi jinina, ni zan tambaya. In yarinya ta miƙe cewa za su yi wani ne ya zuga ta."

Ta so ta ja, amma ta ga idonsa ya kawo ruwa, ita kuma ba ta taɓa iya jure wannan ba. Ai ya yi a minti ɗaya da sakan hamsin, ta ce a ranta. Ta mayar da fom ɗin cikin ambulan. Tausayi ne ya sa ta, kuma da ta san abin da tausayin zai jawo da ta bari ya yi kukansa ya dangwala.

* * *

A wani babban otal aka yi taron. Sanyin na'ura ya yi wa zauren yawa, Auta ta ja wa Baba maɓallin wuya tun daga ƙofa. Wata mata a bakin teburi ta nemo sunansa a takarda, ta ba shi katin ƙuri'a mai ruwan shuɗi. Auta kuma aka miƙa mata fari.

"Baƙi a baya, bayan igiya."

"Bara kusa da shi na zauna."

"Bara ke nan. Kina da takardar wakilci?"

"Ba shi da lafiya, baiwar Allah. Dubi hannunsa."

"Ki kai shi ki zaunar, ki dawo baya. Ba ni na kafa dokar ba."

Ta zaunar da shi a kujerar bakin hanya, ta sa masa takardar da katin a hannun hagu. Sai da ta koma bayan igiya ta zauna sannan ta lura da abin da ya canza. Tsakiyar zauren fayau take. Ba a kafa makirufo ba.

Aka yi jawabai. Shugaba ya yi godiya, ya ce kamfanin ya girma ya fi ƙarfin ƙaramin gida. Wakilin sababbin masu kamfani ya yi magana a kan makoma mai tsabta, ana nuna yaran nan masu karatu a babban allo a bayansa. Aka zo ƙuri'a a kan cire kamfanin daga kasuwa. Katuna kusan ɗari biyu suka tashi a zauren suna cewa a'a, na Baba a cikinsu. Wakilin ya ɗaga nasa guda ɗaya mai nauyin duk jarin da suka saye, sakatare ya ce an amince da gagarumin rinjaye. 'Yan jarida biyu daga cikin ukun da suka zo suka naɗe kayansu, sun sami abin da aka aiko su.

"Tambayoyi uku za mu ɗauka," in ji shugaba. "Minti biyu-biyu."

Na farko ya yi ƙorafi a kan farashi. Ta biyu ta tambayi yaushe za a biya. Baba bai sauke katinsa ba tun da aka ce tambayoyi, har hannun ya fara karkacewa. Shugaba ya duba dama, ya duba hagu, ya duba can baya, amma mutanen da ke kusa da Baba suka shiga nuna shi suna cewa ga dattijo nan. Ba yadda shugaba ya iya.

Wata ma'aikaciyar otal ta taho da makirufon hannu, ta miƙa masa.

Auta ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Wata biyu suna gwaji, ko sau ɗaya ba su kawo wannan a ransu ba. Hannu ɗaya gare shi. Baba ya dubi makirufon, ya dubi takardar. Ya yi ƙoƙarin maƙale ta a hammata, ya karɓi makirufon. Takardar ta zame, ta yi lilo, ta shige ƙarƙashin kujerun gaba. A babban allo yaran suka ɓace, agogo ya fito ya fara ƙirga.

"Ranka ya daɗe, shugaba. Ni..." Muryarsa ta dawo masa daga bango huɗu, ya firgita ya waiga. "Ni tsohon ma'aikacin... rumfar batir ne. Shekara goma sha huɗu." Ya dubi ƙasa. "Shekara goma sha huɗu..."

Wani mutum a layin gaba ya sunkuya yana lalube a ƙarƙashin kujera, bai kai gare ta ba.

"Likita, Baba!" Auta ta ɗaga murya. "Likitan kamfani!"

"Malama, zauna," in ji mai tsaron igiya.

"Baƙi ba su da izinin magana," in ji sakatare ta lasifika.

Baba ya ji ta. Ya juyo yana nemanta a cikin fuskoki, sakan goma suka tafi a nan. "Likita," ya ce. "Ya zo... sau biyu. Mu goma sha tara." Bakinsa yana motsi, gumi ya keto masa duk da sanyin. Sauran maganar tana nan a kansa, Auta tana ganinta a idonsa, amma ta ƙi saukowa. Da ya rasa yadda zai yi sai ya ɗaga hannun daman sama yadda kowa zai gani, tafin yana reto daga wuyan hannu. Ya riƙe shi haka har agogon ya ƙare, ƙararrawa ta yi ƙara, aka kashe makirufon.

Shugaba ya san tambayar sarai. Auta ta ga lokacin da ya saci kallon lauyan da ke gefensa. Sannan ya cire tabarau, daidai yadda ya yi bara.

"Mun gode wa dattijo. Irinsu ne suka gina kamfanin nan da guminsu. Don Allah a tafa masa."

Zauren ya ɗauki tafi, kuma da zuciya ɗaya aka yi shi, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta tsallake igiyar. Ta faɗi tambayar tun daga farko har ƙarshe, da ka, iya ƙarfin muryarta, amma ba makirufo, ga tafi, ga kujeru an fara ja. 'Yan layin baya kaɗai suka ji. Mai tsaron ya riƙe mata hannu. Sakatare ya ce, ba tare da fushi ba, abin da baƙo ya faɗa ba ya shiga rubutun taro, mai sauran bayani ya rubuto wa ofis. Shugaba ya rufe taron.

Da ta isa wurin Baba yana zaune, wani ya ciro masa takardar ya ɗora masa a cinya, da sawun takalmi a kanta.

"Na yi?" ya tambaye ta.

Ta durƙusa tana gyara masa takalmin da bai kwance ba, don kada ya ga fuskarta.

* * *

A farfajiyar otal an jera tebura, an tara ƙananan kwalaye a kai. Kyautar bankwana ce, fitilar sola guda ga duk mai shuɗin kati. An kwaso ma'aikata daga sito da rumfa su yi rabon, an ba su sababbin riguna. Auta ta so su wuce, amma hanyar fita ta gaban teburan ta bi, layin ya tura su har gaba.

Yaya ne a teburinsu. Bai ɗago ya dube su ba. Ya ɗauki kwali ɗaya ya miƙa wa Baba.

Baba bai karɓa ba. "Da hagu?" ya ce. Harshen da ya ƙi shi a ciki yanzu ya sake shi. "Ni kake miƙa wa abu da hagu a gaban jama'a? Don na ba ka kunya?"

"Baba, karɓi kawai."

"Haka na rene ka? Fito da hannunka daga aljihu."

Yaya ya saci kallon shugaban sashensu da ke tsaye can ƙarshen tebura yana waya. Ya dubi Auta. Sannan a hankali ya zaro hannun dama, ya kai shi kan kwalin. Yatsun suka taɓa shi, suka ƙi rufewa. Ya ɗaga, tafin ya sunkuya ƙasa daga wuyan hannu, kwalin yana nan inda yake.

"Yaya," in ji Auta. "Tun yaushe?"

"Sati uku. Yaran rumfa ne ke rufa mini asiri." Ya mayar da hannun aljihu da sauri. "Don girman Allah ku wuce kafin ya gama wayar nan."

"A matsa mana gaba," wani ya ce daga bayansu. "Mu ma gida za mu."

Yaya ya sake ɗaukar kwalin da hagu ya miƙa. Baba ya daɗe yana kallon aljihun. Sannan ya saki takardar tambayar a kan teburin, ya miƙa nasa hagun ya karɓa.